Lita ta haura dubu, an ce a ɗebo haidirojin daga sama

Sani Ɗan Sahu:
Assalamu alaikum 'yan gida. Yau da sassafe na shiga gidan mai da dubu biyar a hannu, yaron ya saka tiyo, kafin in gama goge gilashi ya ce min "an gama, Baba." Lita huɗu ce da ɗan ɗoriya. Wallahi sai da na buɗe tankin na leƙa. Wannan man ba zai kai ni azahar ba, ga balas ɗin mai Napep da yamma, ga cefane.

Abin da ya kawo ni shi ne, jiya da daddare ɗana Khalifa ya nuna min wani bidiyo a waya. Wai sararin samaniya cike yake da wata iska mai suna haidirojin, tana cin wuta fiye da fetur, ba ta hayaƙi, kuma ba ta da mai ita. Wai Turawa za su tura kumbo ya riƙa ɗebowa, a huta da 'yan mai. Masu ilimin gidan nan, gaskiya ne ko irin ta soshiyal midiya ce? In gaskiya ne, yaushe zai iso Kano?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Baban Khalifa in an kawo ka sa a ajiye min jarka biyu. Janareto ya cinye min ribar ƙanƙara tas, yanzu aikin lada nake yi.

Nura Kumbo:
Gaskiya ne Yaya Sani! Kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin duk abin da ake gani a sararin samaniya haidirojin ne. Rana da kanta da shi take ci. Duniyar Mushtari kuwa, wadda Turawa ke kira Jufita, kusan dukkanta shi ne. Kilo ɗaya yana ba da ƙarfin kusan lita huɗu ta fetur, kuma in ya ƙone ruwa kawai yake fitarwa. Tun 1960 wani masani Ba'amurke, Robert Bussard, ya kawo tsarin kumbon da zai riƙa zuƙar haidirojin a hanya yana tafiya da shi. Mu ne dai muke barci.

Alhaji Ɗanlami:
Ba za su bari ba. Ku rubuta ku ajiye.

Malam Habu Fiziks:
Nura, duk abin da ka faɗa daidai ne, ban cire ko ɗaya ba. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ka gaya wa Malam Sani yawan abin, ba ka gaya masa faɗin wurin da yake warwatse a ciki ba.

Ku ɗauki ɗan gurbin da bai kai ƙwayar magi ba. A iskar da muke shaƙa, wannan gurbin yana ɗauke da ƙwayoyin iska wajen biliyan 25 sau biliyan. A sararin da ke tsakanin taurari, gurbi irin wannan ƙwayar zarra ɗaya tal ta haidirojin ake samu a ciki, wani wurin ma ba ta kai ba. Na zauna na buga lissafin yanzu a bayan takardar jarabawar ɗalibaina: kafin ka tara kilo ɗaya, sai ka share sarari mai girman fiye da rabin duniyar nan tamu, tun daga ɓawonta har cibiyarta. Kilo ɗayan nan kuma, kamar yadda Nura ya faɗa, lita huɗu ce. Wato abin da aka zuba wa Malam Sani yau da safe.

Sani Ɗan Sahu:
Tirƙashi. Rabin duniya saboda man da ba zai kai ni azahar ba?

Nura Kumbo:
Malam ai ba sai an je tsakanin taurari ba. Rana tana feso haidirojin kullum, yana wucewa ta gefenmu da gudun kilomita wajen 400 a daƙiƙa. Tarewa kawai za a yi.

Malam Habu Fiziks:
Madalla, ka kawo mu inda nake so. An taɓa tarewa ai. A 2001 hukumar NASA ta Amurka ta harba wani kumbo mai suna Genesis, aikinsa kenan, ya buɗe faranti yana tarar abin da rana ke fesowa don bincike. Ya fi shekara biyu yana tara. Abin da ya samo gaba ɗaya bai wuce nauyin 'yan ƙwayoyin gishiri ba. Da zai dawo a Satumban 2004 lemarsa ta ƙi buɗewa, ya daki ƙasa a hamadar Yuta, sai tsintar ɓaraguzai masana suka yi suna tacewa.

In kana son lissafi: ka shimfiɗa koma mai faɗin kilomita ɗaya, tsawo kilomita ɗaya, a ce ba abin da ke zille mata. A shekara za ta kama kimanin giram 100. Shekara goma kenan kafin kilo. Khalifa ya gama sakandare, ya shiga jami'a, kafin a cika wa babansa rabin tanki.

Maman Ilham:
To a fasa ajiye min jarkar.

Baffa Lawan:
Ni ban san sama ba, amma na san mai, shekara talatin da ɗaya na yi ina jan tanka. Sani ɗana, ka fara tambayar me ya sa man ya yi tsada tukuna. Don in ƙarewa ya yi a duniya, sai mu ce a nemo wani a sama. To bai ƙare ba.

A 2008 gangar ɗanyen mai ta kai dala 147 a kasuwar duniya, ba a taɓa ganin irinta ba, amma a nan lita ba ta wuce naira 70 ba. Ina kan hanyar Fatakwal a lokacin, na sani. A Janairun 2012 aka ɗaga ta daga 65 zuwa 141, ƙasa ta ɗauki zafi, aka dawo 97. A 2016 ta koma 145. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, cikin kwana biyu abin da ake sha ƙasa da 200 ya koma wajen 500. A Oktoban 2024 ta haura dubu, alhali gangar a kasuwar duniya tana wajen dala 70 zuwa 80 ne, rabin kuɗin 2008. Kun gani? Tallafi ya tafi, naira kuma ta karye. Dalar da ake canzawa ɗari huɗu da sittin, a 2024 ta haura dubu ɗaya da ɗari biyar. Ko daga sama aka sauko da man, da dala za a sayar maka.

Barista Umar:
Baffa ka gama magana. Ko matatar Dangote da ke Lekki, mai ganga 650,000 a rana, da ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, mutane sun ɗauka washegari za a koma ɗari biyu. Sun manta ɗanyen man da farashin duniya ake lissafa shi ko a bayan gidanka aka haƙo.

Issoufou Maradi:
Salamu alaikum. Mu ma nan mun ji ta a jikinmu. Da can isansin Najeriya da muke ce ma ruwa-ruwa shi ka riƙe rabin garin nan, ko wace kwana ga kwalabe jere bisa tebur. Da aka cire tallafi wajenku, ruwa-ruwa ya fi na gidan mai tsada, yara da yawa suka rasa sana'a. Muna da matatar SORAZ a Damagaram tun 2011, ganga 20,000 a rana, muna da rijiyoyin Agadem, ga bututu har bakin teku a Benin. Duk da haka talaka lissafi yake kafin ya tada babur. Mai na ƙarƙashin ƙafarmu ma kenan.

Alhaji Ɗanlami:
Shi ya sa na ce ba za su bari ba. Akwai Baturen da ya ƙera mota mai tafiya da ruwa zalla, kamfanonin mai suka sa masa guba. Ruwa ai haidirojin ne a ciki, ko ƙarya nake Malam?

Injiniya Hadiza:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, bari in shigo nan don fannina ne. Mutumin sunansa Stanley Meyer. Waɗanda suka zuba kuɗi a harkarsa ne suka kai shi ƙara, kotu a jihar Ohayo ta sa masana suka duba na'urar, a 1996 ta yanke cewa damfara ce, ta ce ya mayar musu da kuɗinsu. Ya rasu a 1998, binciken gawa ya nuna jijiyar jini ce ta fashe masa a ka.

Haidirojin yana cikin ruwa, wannan gaskiya ne. Amma ruwa tokar haidirojin ne. Ya riga ya ƙone, shi ya sa ya zama ruwa. Mai cewa zai tuƙa mota da ruwa kamar mai cewa zai dafa tuwo da toka ne. Ana iya raba ruwan a fitar da haidirojin, sai dai wutar da za ka kashe wajen rabawar ta fi wadda za ka samu in ka sake ƙona shi. Ba makircin kowa ba ne, haka Allah ya tsara abin.

Alhaji Ɗanlami:
Kotun ai tasu ce.

Injiniya Hadiza:
To Alhaji a bar kotu. Lita 9 ta ruwa, da wuta wajen yunit 50 zuwa 55, su ke ba da kilo ɗaya. Kilo ɗin kuma ƙarfin da ke cikinsa yunit 33 ne. Duk mai mita a gida ya san wanda ya ci riba a nan.

Nura Kumbo:
Anti Hadiza wannan ai hujjata ce! Tunda raba ruwa asara ne, a je inda yake zalla ba a haɗe da komai ba. Mushtari. Can ba ƙwaya ɗaya-ɗaya ba ce, teku ne guda.

Malam Habu Fiziks:
Yanzu ka zo da magana mai nauyi. E, can akwai shi jibge. Matsalar ita ce ta rijiya: tsalle ɗaya ake a faɗa, ko an yi dubu ba a fita. Kafin abu ya kuɓuce wa jan duniyarmu sai ya yi gudun kilomita 11.2 a daƙiƙa, kuma kun ga irin dodon rokar da ake haɗawa don wannan. A Mushtari kusan kilomita 60 ne a daƙiƙa. Ƙarfin da za ka kashe ka ciro kilo ɗaya daga can ya ninka wanda kilo ɗin zai ba ka wajen sau goma sha biyar, a kan takarda ma kenan, ba a sa nauyin tanki da na kumbon ba. Kamar ka ƙona lita goma sha biyar ka je sayo lita ɗaya.

Ga nisa. Ko a lokacin da ta fi kusa da mu, wajen kilomita miliyan 600 ne. Kumbon Juno ya tashi a 2011, sai 2016 ya isa, kuma ba dawowa zai yi ba. Abin da aka taɓa jefawa cikin iskarta, na kumbon Galileo a 1995, bai cika awa ɗaya yana aiko saƙo ba ya yi shiru, zafi da matsi suka gama da shi.

Baffa Lawan:
Shekara biyar zuwa, biyar dawowa. Mu daga Legas zuwa Maiduguri in ka yi sati biyu mai kaya ya fara kiran waya yana zagi.

Barista Umar:
Kuma wa ya ce ba ta da mai ita? Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta hana kowace ƙasa cewa duniyar wata ko wata duniya daban mallakinta ce. Amma a 2015 Amurka ta yi dokar da ta ce kamfaninta in ya haƙo abu a can, nasa ne, ƙasar Lukzambag ma ta yi irinta a 2017. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis, wadda Amurka ke jagoranta kan binciken sama da cin moriyar albarkatunta, a Disambar 2022. Wato ba a kai ga ɗebowa ba an riga an raba wa zai sayar. Malam Sani, ko an kawo, layi za ka bi.

Sani Ɗan Sahu:
Barista ai layi mun saba. Ni dai kuɗin nake ji.

Injiniya Hadiza:
Kuɗin kuwa ga shi. Rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX, wadda ake yabo da araha, tana kai kilo ɗaya sama, nan kusa ma, a kan wajen dala 3,000. Kilo ɗaya na haidirojin da ake yi a masana'anta daga iskar gas bai wuce dala ɗaya zuwa uku ba. Dawo da kaya kuwa ya fi kai shi wuya. Kumbon OSIRIS-REx ya tashi a 2016, ya dawo a Satumban 2023 da giram 121.6 na tsakuwa daga dutsen Bennu da ke yawo a sararin samaniya, aikin ya ci wajen dala biliyan ɗaya. Bai cika gwangwanin madara ba.

Abin da nake so mutane su gane shi ne, ba a rasa haidirojin a duniya ba. Ana yin fiye da tan miliyan 90 duk shekara. Matatun mai suna amfani da shi wajen wanke ɗanyen mai, masana'antun taki kuma da shi suke yin yuriya. Na yi shekara shida a irin wannan masana'antar: gas ake dafawa da tururi a fitar da haidirojin, a haɗa shi da iskar naitirojin, a samu amoniya, daga nan yuriya. Kawu Ado, duk buhun da ka watsa wa shinkafarka akwai haidirojin a ciki.

Kawu Ado Kura:
Ikon Allah. Ashe shi ya sa shi ma ya yi tsada, 'yan gida ɗaya ne.

Maman Ilham:
Kawu ka kashe ni da dariya.

Nura Kumbo:
Ku yi ta dariya. A da kai kilo ɗaya sama da jirgin Shuttle ya fi dala 50,000, yau 3,000. Wa ya san nan da shekara talatin? Haka aka yi wa masu jirgin sama dariya. Kuma a 2009 an tabbatar akwai ƙanƙara a ramukan kudancin wata, da NASA ta daki ramin Cabeus da gangan ta ga ruwa a ƙurar da ta tashi. Zuwa wata tafiyar kwana uku ce kawai.

Malam Habu Fiziks:
Nan kam na ba ka gaskiya, rabi. Ƙanƙarar wata tana da amfani sosai, amma ga wanda yake can. In kumbo zai wuce duniyar Mirrihu, wadda Turawa ke kira Mas, ya fi masa sauƙi ya sha mai a wata da a ɗauko masa daga nan a kan dubban daloli kowane kilo. Gidan mai ne na matafiyan sama, kuma ina ganin wata rana za a yi shi. Amma ka lura, ruwa ne. Sai an raba shi da wutar sola, irin rabawar da Injiniya ta bayyana. To wane ne zai je wata ya raba ruwa ya sauko da shi, alhali ga Tiga ga Challawa, ga rana tana dukan kanmu kyauta?

Ko roka ta zama kyauta, lissafin Mushtari ba zai canza ba, don ba lissafin kuɗi ba ne, na ƙarfi ne. Masu jirgin sama ba su taɓa cewa za su samu fiye da abin da suka zuba ba.

Nura Kumbo:
In an gano haɗa ƙwayoyin zarra irin yadda rana ke yi fa? A Disambar 2022 a Kalifoniya sun samu ƙarfin da ya fi wanda suka harba. A nan giram kaɗan ya isa gari guda.

Malam Habu Fiziks:
Sun samu 3.15 daga 2.05 da hasken leza ya kai kan ƙwayar, a ma'aunin megajul. Amma injinan da suka harba hasken sun ja wajen 300 daga layin wuta. Ci gaba ne, ban raina ba. In ma an kai ga nasara, nau'in haidirojin mai nauyi da ake buƙata yana cikin ruwan teku, fiye da giram 30 a kowace lita dubu. Ka ga an sake dawowa ƙasa.

Nura Kumbo:
Malam kai dai ba ka son a tafi sama.

Malam Habu Fiziks:
Ina so mana, in an samu kujera ka kira ni. Sayo mai ne ba zan je ba.

Issoufou Maradi:
Malam ya ce ƙasa, ya tuna mini. Maƙwabtanmu Mali suna da wani ƙauye, Burakebugu, bai da nisa da Bamako. A 1987 an je gina rijiyar burtsatse, ba a samu ruwa ba, sai wata iska ke fitowa daga ramin. Wani ma'aikaci ya leƙa da taba a bakinsa, wuta ta tashi ta ƙone shi, ta yi makonni tana ci kafin a toshe ramin. Mutane suka ce wurin na da iskoki, aka bar shi. Sai bayan shekaru kamfanin wani ɗan kasuwa, Aliou Diallo, ya sake buɗewa, a 2012 aka auna aka ga haidirojin ne kashi 98 cikin 100. Aka haɗa masa inji, ƙauyen ya samu kuran, wato wutar lantarki, karo na farko. Ba kumbo, ba roka. Ramin bai fi mita ɗari da 'yan kai ba.

Sani Ɗan Sahu:
Malam Yusufa da gaske? Mali ɗin nan?

Injiniya Hadiza:
Da gaske ne, kuma wannan rijiyar ce ta sa duniya ta farka. A da littattafanmu cewa suke ba a samun haidirojin zalla a ƙarƙashin ƙasa da yawa, haka aka koya mana. Ashe ba a nema ba ne, masu haƙar mai ba sa auna shi, kuma ba a irin duwatsunsu ya fi zama ba. Ruwa ne ke ratsa duwatsu masu ƙarfe can ƙasa da zafi, ƙarfen ya kama oksijin kamar yadda tsatsa ke yi, haidirojin ya kuɓuce. A 2023 an gano wani a yankin Loren na Faransa, a 2024 aka auna wanda ke fita daga wata mahaƙar ma'adinai a Albaniya, wajen tan 200 a shekara. Kamfanoni suna ta haƙa a Amurka da Ostireliya.

Amma kar Nura ya ɗauko wannan ya gudu da shi. Na Mali ƙauye ɗaya ya haskaka. Har yanzu ba wanda ya haƙo shi da yawan da zai yi gogayya da fetur.

Baffa Lawan:
'Yata, ko an samu, a me za a zuba? Ni tambayar direba nake yi.

Injiniya Hadiza:
Baffa nan ne gizo ke saƙa. Iskar ba ta da nauyi ko kaɗan, in ba a matse ta ba kilo ɗaya zai cika ƙaramin ɗaki. Motar Toyota Mirai da ta fito a 2014 tana ɗaukar wajen kilo biyar, a tankin da matsinsa ya ninka na tayar mota kusan sau ɗari uku. Na CNG, wato matsattsen gas da ake sa wa motoci yanzu, bai kai sulusin haka ba. In kuma ruwa-ruwa ake so a mayar da shi, sai an sanyaya shi zuwa digiri 253 ƙasa da sifili. Yana zurarewa ta kafar da ko iska ba ta bi, yana sa ƙarfe ya yi gautsi, harshen wutarsa kuma da rana da ƙyar ake gani. A Kalifoniya ma, da kuɗinsu da komai, kamfanin Shell ya rufe gidajen haidirojin ɗinsa na ƙananan motoci a farkon 2024.

Maman Ilham:
Ƙanƙarar da ni na kasa riƙewa a sifili, su za su riƙe a 253? A garin nan?

Baffa Lawan:
Ka ba ɗan bumburutu wannan ya zuba a galan ya ajiye bakin titi. Allah ya kiyaye. Fetur ɗin ma da muka sani kun ga abin da ya yi a Majiya ta jihar Jigawa, da tanka ta kama da wuta, mutum fiye da 150 suka rasu a dare ɗaya. Allah ya jiƙansu.

Barista Umar:
Amin ya Allah.

Sani Ɗan Sahu:
Amin. To Malam, ni yanzu me zan ce wa Khalifa? Kuma me zan ce wa tankina?

Malam Habu Fiziks:
Khalifa ka ba shi wannan ya buga da kansa, zai ji daɗi. Faifan sola mai faɗin mita ɗaya da mita ɗaya a kan rufin kwano a Kano yana ba da wajen yunit ɗaya na wuta a yini. Kwana hamsin da 'yan kai, ka tara wutar raba kilo ɗaya. A shekara kilo shida ko bakwai. Komar can ta sama mai faɗin mita ɗaya, a shekara abin da za ta kama bai kai nauyin ƙwayar gero ba, ko kusa. Ranar dai ɗaya ce, haskenta ne ke da amfani a gare mu, ba ƙurarta ba.

Kuma in ni ne ba zan ma raba ruwan ba. Wutar in ta shiga batir kai tsaye, kashi takwas ko tara cikin goma na dawowa. In ta bi ta haidirojin ta dawo wuta, da ƙyar ka tsira da sulusi zuwa kashi huɗu. Haidirojin a bar wa masu taki da masu narka ƙarfe, wataƙila da jiragen ruwa.

Issoufou Maradi:
Mu mun gani da ido. Da Najeriya ta yanke muna kuran a Agustan 2023 bayan juyin mulki, fanon sola ya zama kamar goro a kasuwa. Tashar sola ta Gorou Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, ita ta rage ma babban birni zafi.

Nura Kumbo:
Duk na ji. Amma ku ajiye wannan hirar, wata rana jikokinmu za su karanta su yi muku dariya.

Alhaji Ɗanlami:
Ni har yanzu maganar mai motar ruwan nan ba ta kwanta min ba.

Sani Ɗan Sahu:
Akwai wani abokin aikina da ya mayar da nasa na gas, ya ce yana samun sauƙi, sai dai wurin shan gas ɗin ya yi masa nisa, rabin yini a layi. Mai lantarkin kuma na tambaya, kuɗinsa ya fi ƙarfina, kuma Napep ɗin ma ba nawa ba ne. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Bari in fita, 'yan makaranta sun kusa tashi.

Kawu Ado Kura:
Injiniya kafin ki tafi. Ni na bar injin fetur bara, na sa sola a ban-ruwa, wannan kam na huta. Amma maganar Malin nan ta tsaya min. Akwai wata tsohuwar rijiya a bayan gonar yayana, tun muna yara take ɓulɓulo da kumfa, in ka kara kunne kana jin tana huci. An ce aljanu ne. Ko dai irin ta Malin ce?

Injiniya Hadiza:
Kawu don Allah kar kowa ya shiga, kar kuma a kai wuta kusa. Galibi ruɓaɓɓen ganye da laka ne ke fitar da irin gas ɗin girki, wani lokaci kuma iska ce mai kisa, irin wadda ke kayar da masu yasar rijiya kafin su ce a ja su. Ba a ganewa da ido ko da hanci, sai da na'urar awo. A rufe bakinta, a hana yara zuwa. In na shigo gida hutun ƙarshen wata zan aro na'urar mu je tare.

Kawu Ado Kura:
To shi kenan. Bari in kira yayan nawa, don tun da na tura masa saƙon Malam Yusufa ya ce min zai je ya duba, kuma mutumin nan ba ya rabuwa da taba.